Kwanon da Mai Ci Ke Ƙarasa Haɗawa

Ƙaramin gidan abincin 'yan Biyetnam ba ya ɓata lokaci wajen tarbar baƙo. Ko a gunduma ta 13 ta birnin Paris ne, ko a Westminster ta jihar Kalifoniya, unguwar da ake kira Ƙaramar Saigon, tsarin kusan ɗaya ne: tebura a matse, cokula da tsinkayen cin abinci a tsaye cikin gwangwani, ga ma'aikaci yana jiran amsa tun mutum bai gama gyara zama ba. Kafin minti biyar kwanon pho ya iso yana tururi. Lafazin sunan ya fi kusa da "fa".

Saurin nan yana da dalili: an gama wahalar tun kafin a buɗe ƙofa. Romon ƙashin shanu ne da aka bari a kan wuta marar ƙarfi na tsawon sa'o'i, ana kwashe kumfa don ya fita garau. An babbaka albasa da citta kafin a jefa su ciki, an ƙara kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro. Ɗanɗanon gishirinsa yana zuwa daga nuoc mam, ruwan ƙananan kifaye da aka jera da gishiri a ganga suka yi watanni. Wanda ya san aikin daddawa a miya ba zai yi mamakin yadda abu mai wari a kwalba ke zama daɗi a tukunya ba. Abin da ya rage lokacin da baƙo ya zauna kaɗan ne: a tsoma taliyar shinkafa a ruwan zafi, a shimfiɗa yankan nama sirara, wani lokaci ɗanye, a kwarara romo mai tafasa ya dafa shi a cikin kwanon.

Sai dai kwanon ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da faranti mai ɗauke da ɗoɗɗoya, tsiron wake, yankan lemon tsami da barkono, ga kwalaben miya biyu a kan tebur, ɗaya ja mai yaji, ɗaya baƙa mai zaƙi. A nan baƙo kan rikice. Wanda ya saba a kawo masa miya an gama komai, har taɓa ta da gishiri ya zama kamar raina mai girki, zai ga an miƙa masa ragowar aikin. Waɗanda suka saba sukan fara da kurɓar romon zallansa, don shi ne gwanintar gidan. Daga nan su tsinka ganyen da hannu, su matsa lemo, su tura tsiron wake ƙasa ya ɗan yi laushi. Masu antaya baƙar miya cikin kwano tun ba su ɗanɗana ba suna binne aikin dare guda. Ya fi kyau a zuba ta a ɗan faranti a riƙa tsoma nama.

Farantin ganyen nan yana faɗin inda mai gidan ya fito. A arewacin ƙasar aka fara yin pho, a yankin Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20, lokacin mulkin Faransa. Kafin nan shanu na noma ne. Bukatar Turawa ga naman sa ce ta sa ƙashi da ragowar nama suka wadata a kasuwa. Har yau pho na Hanoi ba shi da tarkace: romo, taliya, nama, ganyen albasa. A 1954 yarjejeniyar Geneva ta raba ƙasar biyu, dubban ɗaruruwan mutanen arewa suka yi ƙaura zuwa kudu da tukwanensu. Kudu ƙasar yalwa ce, sai ta ƙara zaƙi, ta ƙara ganye, ta girmama kwano. A arewa kuwa ƙuncin shekarun yaƙi ya kai ana sayar da pho babu nama, mutane suka yi masa laƙabi da "pho marar matuƙi", suna shaguɓe da jiragen leƙen asirin Amurka.

Bayan faɗuwar Saigon a ranar 30 ga Afrilu, 1975, mafi yawan waɗanda suka tsere 'yan kudu ne, don haka girkin kudu ne ya bi duniya. Shi ya sa sunayen shaguna da dama a Amurka ke ɗauke da lamba, 54 ko 75 ko 79, wadda sau da yawa shekara ce da iyalin ba za su manta ba. Mai wucewa yana ganin lamba, ɗan gudun hijira yana ganin shekarar da ya bar gida.

Musulmi yana da tambayar da ya kamata ya yi kafin ya zaɓa. Naman alade ya ratsa girkin Biyetnam: yana cikin yawancin burodin banh mi, yana cikin soyayyen nem, shi ne kuma bun cha, abincin da Barack Obama ya ci da Anthony Bourdain a kan kujerun roba a Hanoi a 2016. Pho na sa ko na kaza ne, amma batun yanka na nan daram. A birnin Ho Chi Minh, wato Saigon ta dā, akwai gidajen abincin halal kusa da babban masallacin titin Dong Du, kuma ƙasar tana da Musulminta 'yan ƙabilar Cham.

Abu ɗaya ne ba a gaggauta shi a gidan: kofi. Ana ɗora ƙaramar matatar ƙarfe a bakin kofin gilashi, baƙin ruwan yana ɗiga a kan madarar gwangwani mai kauri, wadda ta maye gurbin ɗanyar madara tun zamanin Faransa. Biyetnam ce ta biyu wajen noman kofi a duniya bayan Brazil. A shaguna da yawa ba a kawo takardar kuɗi tebur. Idan mutum ya gama, ya tashi ya je kanta ya faɗi lambar teburinsa, kafin ya juyo an goge wurin an zaunar da wani.