Ƙauyen da Gari Ba Ya Wayewa

A shagunan gem na Sabo ƙwallo ce ke da kasuwa, sai kuma na dambe da na harbe-harbe. Mu ma a cikinsu muka taso. Amma akwai wani tsohon faifan PlayStation 2 da ya shigo hannunmu cikin kayan tokumbo, wanda ya hana mu sakat wata biyu ke nan, har muka ga ya kamata mu ba 'yan unguwa labarinsa. Sunansa Fatal Frame II, kamfanin Tecmo na Jafan ya fitar da shi a 2003, shekara biyu bayan na farkon. Kwafin da aka yi wa Turai kuma Project Zero II ne a jikin kwalinsa.

Labarin wasu tagwaye ne mata, Mio da Mayu. Sun je ganin dajin da suke wasa a cikinsa suna yara, kafin ruwan dam ya cinye shi. Mayu ta hangi wani jan malam-buɗe-littafi ta bi shi, Mio ta bi Mayu, sai ga su a wani ƙauye da ya ɓace daga doron ƙasa tun da daɗewa, inda dare ɗaya yake ta maimaita kansa. Duk mutanen garin fatalwa ne.

Ba bindiga, ba adda, ko gora ba a ba ka ba. Tsohuwar kyamara ce kawai a hannun Mio, da ita ake korar fatalwa. A nan muguntar masu gem ɗin take. Hoton da aka ɗauka daga nesa ba ya yi mata wata illa. Sai ka ɗaga kyamara, ka tsaya cak, ka bar ta ta taho har ta miƙo hannu za ta cafke ka, sannan ka danna. Wato abin da jikinka yake ce maka ka gudu daga gare shi, shi za ka zuba wa ido. Mai riƙe da fad zufa, 'yan kallo kuma ihu: “Danna mana! Kai, danna!” Fim mai ƙarfi kaɗan ne a garin, in ka ɓarnatar da shi a kan ƙananan fatalwa, to ka shiga uku a gaba. Ajiye wasa kuma sai ka isa wurin jar fitila, abin da NEPA ba ta taɓa la'akari da shi ba.

Mun sani sarai wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa yawo a zaure. Sanin bai hana wasu ƙartin cikinmu neman rakiya zuwa bayan Mokola da sha ɗayan dare ba.

Ba tsoron ne ya riƙe mu ba, don tsoro ana sabawa da shi. Maganar tagwayen ce. A ƙarƙashin ƙauyen akwai wani rami da suke jin tsoro, kuma don ya lafa, al'adarsu ita ce babba cikin tagwaye ta shaƙe ƙaramar. To wace ce babba? A wurinsu wadda aka haifa daga baya ce. Da muka karanta wannan a wata takarda cikin gem ɗin, duk muka dubi juna, don ai maganar maƙwabtanmu ce. Yarbawa ma cewa suke Kehinde, mai zuwa na biyu, shi ne babba, shi ya aiko Taiwo ya fara leƙo masa duniya. Mu da muke da Hassan da Usaini, kowa ya san wanda ya riga shi ne gaba. Sai ga wani gida a ƙauyen inda uba ya sassaƙa wa 'yarsa 'yar tsana mai kamar 'yar'uwarta da ta mutu, don ta rage kuka. Wanda ya zauna a Ibadan ya san ere ibeji, ɗan itacen da ake sassaƙawa in ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu. Kisan kam babu shi a nan, Yarbawa girmama 'yan biyu suke yi, ga Igbo-Ora can da take alfahari da su. Amma ba mu zaci za mu ji ƙamshin Oyo a wani ƙauyen Jafan ba.

Mayu tana ɗingishi. Suna yara Mio ta ruga ta bar ta a daji, ta biyo ta da gudu ta faɗi ta ji ciwo a ƙafa. Saboda haka a wuraren da suke tare, in ka yi sauri sai ka waiwaya ka hango ta can baya tana jan ƙafa. Ba wanda ya tilasta mana jiran ta kowane taku, amma duk wanda ya karɓi fad sai ya riƙa tsayawa. Ɗaya daga cikinmu, da ƙanwarsa take can Arewa wurin kaka shekara shida bai je ba, shi ya fi kowa faɗa in aka bar ta.

Wanda bai buga ba ya yi haƙuri, za mu ɓata masa ƙarshe. A karon farko Mio ce take shaƙe Mayu da hannunta, jan malam-buɗe-littafi ya tashi daga wuyanta. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Akwai kuma hanyar da za ka bi ka fice kai kaɗai ka bar ta, gem ɗin bai ma ɗauke ta a matsayin nasara ba. Wanda ya sake bugawa a mataki mai wuya zai iya fizgo Mayu daga bakin ramin, sai dai Mio za ta leƙa ciki ta makance.

Gardama ta kaure a kan wannan har yau. Wasunmu sun ce zalunci ne a sa mutum ya sha wahalar sa'o'i sannan a ce ya zaɓi tsakanin idonsa da 'yar'uwarsa. Mafi yawanmu dai mun ce a ba da idon. Mun fara mataki mai wuyan, yanzu muna gidan mai 'yar tsana, fim ɗin kirki saura kaɗan, kuma har yanzu ba a samu wanda ya yarda ya karɓi fad ya hau benen ba.