Lissafina na 2024 daga Jos: wa ake kira ɗan Jos?

Tun farko in faɗa muku, rubutun nan dogo ne, wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya ajiye shi sai ya sayi ta dare. Na ga kowa na ta ɗora hotunan yadda shekararsa ta kasance. Ni ba ni da hoton kirki, don haka da rubutu zan yi nawa lissafin.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a Jos nake karatu, aji uku. Shekara uku a garin nan ta koya min abin da ba a rubuta shi a takardar shiga makaranta ba: a taswira Jos gari ɗaya ne, a ƙafa kuwa gari biyu ne. Ba allo, ba shinge, amma duk wanda ya yi zango ɗaya ya san inda zai sauka daga keke bayan magariba da inda ba zai sauka ba. Musulmi in zai kama ɗaki ya nufi Anguwan Rogo, Rikkos ko Gangare. Kirista ya nufi Anguwan Rukuba, Jenta ko Tudun Wada. Tun rikicin 7 ga Satumban 2001, sai na Nuwamban 2008, sai na Janairun 2010, kowa ya tattara komatsansa ya koma cikin nasa. Waɗanda suka riga mu shigowa har yau suna ba da labarin Agustan 2021, lokacin da jihohi suka riƙa turo motoci suna kwashe ɗalibansu. To ni bana abin da na sa wa ido shi ne kalmar nan "ɗan Jos": yaushe take buɗewa ta ɗauki kowa, yaushe kuma take tsukewa.

Shekarar da makoki ta shigo. Jinin mutum sama da 150 da aka kashe a Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023 bai bushe ba, Mangu ta sake kamawa a Janairu har aka sa dokar hana fita. A cikin wannan yanayin aka fara gasar kofin Afirka a Kwaddibuwa.

Wanda bai kalli wasanmu da Afirka ta Kudu ranar 7 ga Fabrairu a gidan kallo ba, wallahi bai kalli wasan ba. Mu a wajen Farin Gada muka kalla, rumfar kwano, benci, inji na ta gurnani a baya, sanyi na shigowa ta ƙasan ƙyaure. Da Osimhen ya zura ta biyu, wani ƙato da ke gefena, da sarƙar gicciye a wuyansa, ya ɗaga ni sama cak kamar buhun dankali. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Kafin ya dire ni alƙali ya je ya duba VAR, ya soke ƙwallon, ya kuma ba su fenariti. Kai jama'a! Rumfar nan ta yi tsit, ba ka jin komai sai injin. Sai da Nwabali ya tare biyu a bugun fenariti, muka ci 4 da 2, sannan rai ya dawo. Daren nan mutane sun taka da ƙafa a titunan da ba sa bi da dare, ba wanda ya tambayi wani daga ina yake. Ranar 11 ga wata kuma Troost-Ekong ya sa mu gaba da ka, Kessie ya farke, Haller, mutumin da bai daɗe da tashi daga jinyar kansa ba, ya rufe mana baki. Kowa ya ja rigar sanyinsa ya koma unguwarsu.

Abin da ya tsaya min a rai ba sakamakon ba ne, gardamar da ake yi ce kafin a take wasa. Duk lokacin da Moses Simon ya ja ƙwallo ta gefen hagu, kamar wadda ya miƙa wa Lookman a wasan Angola, sai ka ji rumfa ta ɗauka: "Ɗan Jos ne wannan!" An nuno Ahmed Musa a benci, ko minti ɗaya bai buga ba a gasar, amma: "Namu ne, ɗan Jos!" To ku tsaya mu yi lissafi. Moses Simon a Jos aka haife shi, asalin gidansu Binuwai. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, mahaifinsa ɗan Borno, mahaifiyarsa 'yar Edo. Mikel Obi, wanda ya taso daga Plateau United ya je ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012, Inyamuri ne, a Jos aka haife shi. Ban taɓa jin wanda ya ce a kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar Mikel kafin a yi alfahari da shi ba. Ba Birom ɗin da ya ce haka, ba Bahaushen da ya ce haka.

Haka abin yake a waƙa da fim. P-Square asalinsu Anambra, a Jos suka tashi. M.I asalinsa Taraba. Ku tambayi duk wani matashin garin nan, zai ce muku 'yan Jos ne, har da bugun ƙirji. A ɗakinmu mu shida ne, biyu Musulmi, huɗu Kirista, kuma ba abin da ke tara mu kan waya ɗaya kamar Labarina. Abokin kwanana ɗan Pankshin ne, Angas, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Abuja da na sani, da Hausa ma ake sujada a cocinsu. Shi ne ya fi kowa ɗaukar zafi kan Mainasara, wai yaya mai kuɗi zai ɓad da kama ya zama talaka don neman soyayyar gaskiya, alhali mu talakan ne na gaske kuma ba wadda ta kula mu. Ranar da ya ji cewa Sadiq Sani Sadiq ɗan Gangare ne, sai cewa ya yi, "Ai shi ya sa ya iya." Ya karɓe shi nan take, ba bincike.

Tunda na taɓo fim, bari in ɗan tsaya. A Janairu aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke nan Jos, garin da ya yi digirinsa na labarin ƙasa. Mun yi murna, amma har yanzu ina jiran ranar da ɗalibi zai shiga sinima mai araha a garin nan ya kalli fim ɗin Hausa a babban allo. An zaɓi Mai Martaba ya wakilci Najeriya a gasar Oscar, fim na Hausa, da Adam A. Zango a ciki, bai dai shiga jerin waɗanda aka tace ba. Mu shidan nan ba wanda ya samu kallonsa. Mun rasa Saratu Giɗaɗo, Daso, ranar 9 ga Afrilu, ana gobe Sallah. Farkon Disamban nan kuma El-Mu'az Birniwa ya rasu a Kaduna bayan buga ƙwallo. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Wani ɗan abin dariya daga duhun Oktoba. Kun tuna daga 21 ga wata Arewa ta yi kusan kwana goma ba wuta, muna bin layin caji kamar layin mai, ga litar man ma ta haura naira 1,000. A layin cajin ne wani ɗan ajinmu ya nuna min bidiyon wasan besbol na Amurka, wanda ake jefo ƙwallo a make ta da kulki a ruga da gudu. Ashe hular nan mai NY da rabin samarin Terminus ke yawo da ita ta wata ƙungiya ce, New York Yankees, kuma a makon ne Los Angeles Dodgers ta lallasa su 4 da 1 a gasar ƙarshe. Wato 'yan hular NY sun yi rashin kofi ba su ma sani ba. Babban tauraron Dodgers ɗin kuma, Shohei Ohtani, wanda suka ba kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma, ɗan Japan ne. Can ma dai in kana ci musu wasa, nasu ne kai.

Yanzu mu shiga inda kalmar ke tsukewa.

Ranar 12 ga Janairu Kotun Ƙoli ta maido wa Gwamna Caleb Mutfwang kujerarsa, rana ɗaya da Abba Kabir Yusuf na Kano. Amma 'yan majalisar jiha 16 na PDP da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire a kan kusan hujja iri ɗaya ba su dawo ba, saboda shari'arsu a can take ƙarewa. Kamar a ce VAR ta duba ƙwallo ɗaya ta ce ta shiga, sauran 16 irinta kuma aka ce ai an riga an tashi wasa. Na saurari yadda muka yi gardamar nan a makaranta. Kusan ba wanda ya yi maganar doka ko ƙuri'ar da mutane suka bi layi suka jefa. Da ka ji sunan mutum da unguwarsu, ka san ɓangaren da zai tsaya tun kafin ya buɗe baki.

Sau biyu na ga abin ya karye a wajen filin ƙwallo. Na farko ranar 12 ga Yuli, da ginin makarantar Saint Academy ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, galibi yara. Waɗanda suka fara tonon ɓaraguzai da hannu, da waɗanda suka je asibiti ba da jini, ba wanda ya tsaya tambayar sunan yaron da ke ƙasa. Na biyu a Agusta, zanga-zangar tsadar rayuwa. A mahaɗar Old Airport, su Solomon Dalung da Fasto Isa El-Buba na gaba, Musulmi suka yi sallar Juma'a a kan titi Kiristoci na tsaye suna gadinsu, ranar Lahadi kuma aka yi sujada a wurin. Na je, na gani da idona. A garin da Juma'a da Lahadi suka zama ranakun datse hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai bai yi nisa ba. Daren Lahadin, 4 ga wata, bayan wasu sun fasa shaguna a wajen Bauchi Road da Zololo, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos da Bukuru. Kafin gari ya waye, a dandalin ajinmu na WhatsApp an koma tsohon yare: "yaransu ne", "a'a, naku ne suka fara". Yunwa ta haɗa mu kwana huɗu, shago biyu-uku suka raba mu cikin dare ɗaya.

Ranar 1 ga Nuwamba kuma duk mun ga yaran da aka gurfanar a kotun tarayya ta Abuja, akasarinsu daga Kano da Kaduna, ƙasusuwa a waje, suna zubewa a gaban alƙali bayan wata uku a tsare, aka kuma ce belin kowannensu naira miliyan 10. Abokin nawa ɗan Pankshin shi ya fara ɗora hoton, shi ya fi ni zagin gwamnati a ranar. Shi ɗin ne kuma a Disamban nan, da muka shiga gardamar ƙudirin haraji da gwamnonin Arewa suka ƙi, ya kalle ni ya ce, "Wace Arewar? In za a ƙirga ƙuri'a muna ciki, in za a raba muƙami ba ma ciki." Ban ji daɗin maganar ba, amma ban samu amsar da zan ba shi a lokacin ba, har yanzu kuma ina juya ta.

Ga inda nake so mu 'yan Arewa ta sama mu yi wa kanmu adalci. Muna jin zafi, kuma da gaskiyarmu, idan aka ce wa Bajashe, wanda kakansa ya zo haƙar kuza shekara ɗari da suka wuce, bai san wani gari ba sai wannan, wai shi baƙo ne, ya je Kano ko Bauchi ya karɓo takardar asali kafin ya samu gurbi ko aiki. Amma Birom da Anaguta da Afizere su ma ba hauka suke yi ba, tsoronsu ƙasa ce da sarauta, suna ganin in suka saki ba su da wani wurin komawa. Kuma mu tambayi kanmu: Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano, ko Bayaraben da aka haifa a Funtuwa, mu mun ba shi takardar? Mun taɓa zaɓensa ko kansila? Dokar da muke kuka da ita a Jos ita muke aiki da ita a gida, sai dai a can mu ne masu riƙe da hatimin. Duk wanda zai zage ni a ƙasan rubutun nan, don Allah ya fara amsa wannan tukun.

Abin mamaki, Ahmed Musa da ya dawo gida a Oktoba, Kano Pillars ya koma, ya kuma ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. Kanawa suna cewa nasu ne, 'yan Jos na cewa nasu ne, ba wanda ya ɗauko adda. Ni kuma na duba na ga shekara uku ina garin da Mighty Jets suka ci gasar lig ta farko a tarihin Najeriya a 1972, garin da Plateau United ta ɗaga kofi a 2017, muna ta kashe kuɗin indomi muna kallon Arsenal da Madrid, alhali filin wasa na nan Zaria Road, kuɗin keke ɗaya daga makaranta.

Mun yanke shawara a ɗaki, mu shidan, wasan gida na farko da Plateau United za ta buga bayan hutu za mu je tare. Wanda ke Jos kuma yana so ya biyo mu ya yi min magana ta ciki. Masu tafiya gida ta hanyar Bauchi, Saminaka ko Akwanga, don Allah ku fita da sassafe, kada dare ya yi muku a hanya, ku kuma sanar da mu in kun sauka.