A Bakin Ruwan Wara: Wa Ke da Ikon Zaɓar Zanen Tanki?

Duk wanda ya taso daga Yelwa ya yi kudu zuwa Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, zai wuce gonakin dawa da gero da shinkafa, sannan hanya ta ƙare masa a bakin wani ruwa mai faɗin gaske. Wannan shi ne Tafkin Kainji. Ya samu ne bayan da aka datse Kogin Kwara da madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968. Tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa.

Mu shida ne, ɗaliban jami'a, muka je wannan gari a lokacin hutu. Abin da ya fara tarbar mu a bakin ruwa shi ne ƙamshin bandar kifi gauraye da warin fetur. Rayuwa a nan kan jirgin inji take. Shi ke kawo albasar Gungawa, shi ke kai Sarkawa wurin su, shi ke ƙetarar da 'yan kasuwa zuwa ɓangaren Jihar Neja. Saboda haka ko ina ka duba jarkoki ne da duro-duro na mai. Jiragen kuwa da yawa sun sha fenti: kore, shuɗi, ja, wasu da addu'a a rubuce a gefensu, kamar yadda muka saba gani a jikin manyan motoci.

Wannan haɗuwa ta fenti da fetur ce ta tayar da gardama a tsakaninmu. Ɗaya daga cikinmu, mai karatun zane, ta ce a wasu ƙasashe har manyan tankunan ajiyar mai ake yi wa ado, irin waɗanda ke defo-defon Kano da Gusau da matatar Kaduna. Ta ce me zai hana mu ma mu yi haka, mu fara ko da tankunan ruwa na garuruwanmu, waɗanda yanzu babu abin da ke jikinsu sai tsatsa da fastocin 'yan siyasa?

Gaskiya ne an yi hakan, amma ba a yi shi cikin ruwan sanyi ba. A birnin Boston na Amurka, a 1971, wani kamfanin iskar gas ya sa wata mai zane, Corita Kent, ta ƙawata tankinsa mai tsayin kusan mita 43. Ta zana manyan layuka masu launi shida kamar bakan gizo. Lokacin Amurka na yaƙi a Biyetnam, sai wasu suka ce sun hango fuskar Ho Chi Minh, jagoran abokan gabarsu, a ɓoye cikin shuɗin layin. Ita ta musanta. Duk da wannan cece-kuce, mutanen birnin suka shaƙu da zanen, har da aka rushe tankin a 1992 sai da aka sake zana shi a jikin na kusa da shi. A garin South Portland na jihar Maine kuma, a 2008, wani mai zane haifaffen Benezuwela, Jaime Gili, ya ci gasar ƙawata tankunan mai na kamfanin Sprague. Nan ma ra'ayi ya rabu: wasu sun yi murna, wasu na tambayar dalilin da ba a ba ɗan gida aikin ba.

Muna cikin wannan magana a ƙarƙashin wata rumfa, sai wani dattijo mai gyaran koma ya sa mana baki. Da muka gaishe shi muka yi masa bayani, ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, ado ba laifi ba ne. Amma wa za a tambaya? Wanda ya zo ya zana ya koma gida, ko ni da zan riƙa ganin abin kullum safiya?"

Tambayarsa tana da tushe a tarihin wannan yanki. Lokacin da ruwa ya cika tafkin, an tayar da mutane sama da 40,000 daga garuruwansu, cikinsu har da Gungawa da Kambari da ke ƙarƙashin Masarautar Yawuri. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka da bulon siminti, gidaje masu kama da juna, bisa tsarin da masana gini suka zana daga nesa. Da yawa daga cikin mutanen sai suka ƙara nasu ɗakunan laka da rumbuna a gefe, irin waɗanda suka saba da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da aka taɓa zaɓa wa siffar gidan da za su kwana a ciki, ba abin mamaki ba ne su nemi a ji ta bakinsu kafin a zaɓa musu abin da za su riƙa kallo.

Wani abokinmu ya kawo nasa uzurin ta fuskar addini. Ya ce idan aka zana mutum ko dabba a tsakiyar gari, malamai da dattawa da yawa ba za su amince ba. Mai karatun zane ta ba shi amsa da cewa magina Hausawa sun daɗe da samun mafita. Duk wanda ya ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ko tsofaffin gidajen Kano da unguwar Birni ta Damagaram, ya ga yadda ake cika bango da dagi da kewaye da layuka masu sarƙe juna, ba tare da surar mai rai ba. Ba sai mun yi aro daga ƙetare ba.

Mai karatun injiniya a cikinmu shi ya fi kowa taurin kai. Ya ce ba don rashin son kwalliya ake shafa wa tankin mai farin fenti ko ruwan azurfa ba. Farin launi yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa yana shanye zafi. Idan tanki ya yi zafi, fetur yana ƙara zama tururi: ga asara, ga haɗarin gobara. A ƙasa mai rana irin tamu, launin da aka zaɓa magana ce ta rai. Ban da haka, jikin tanki wuri ne na rubuta abin da ke cikinsa da gargaɗin kada a kusanto da wuta. Adon da ya rufe wannan rubutu ya cuci jama'a.

Da ya faɗi haka sai wani matashi mai tuƙa jirgi, wanda tun ɗazu yake saurarenmu, ya ce, "Yayana, in fenti kuke da shi, ku fara da jirage." Kowa ya gane abin da yake nufi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima. Shawarar matashin ita ce a rubuta adadin fasinjojin da kowane jirgi zai iya ɗauka da manyan lambobi, a kuma ja layi a gefensa, ta yadda ko wanda bai yi boko ba zai ga cewa in ruwa ya taɓa layin, to lodi ya isa. Gwangwanin fenti ɗaya zai wadatar da jirage da dama.

Ba mu tashi da ra'ayi ɗaya ba. Har yanzu mai karatun zane tana son ganin tankin ruwa mai ɗauke da siffar igiyar ruwa da koma, abokinmu injiniya kuma yana nan a kan farin fentinsa. Amma mun haɗu a kan abu biyu: a tambayi masu gari kafin a ɗaga burushi, kuma gargaɗi ya riga ado samun wuri.

Ƙannenmu ɗalibai, wataƙila akwai tankin ruwa ko doguwar katanga a makarantarku. Ku dube ta da kyau gobe. Me ke jikinta, kuma wa ya sa shi? Ku kai batun ƙungiyar muhawara ko ajin zane, ku gayyaci malaminku da mai gadi da maƙwabtan makaranta. Idan kun cimma matsaya, ku nemi izinin shugaban makaranta, sannan ku tambayi kuɗin gwangwanin fenti a kasuwa.