Ɗinkin Gyartai

Na dawo gida da takardar digiri daga Jami'ar Bayero da shaidar bautar ƙasa, na tarar babu abin da ke jirana sai fartanya. Ƙauyenmu yana ƙasar Dambatta, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taku guda ya huta. Ƙasar da ake nomawa kowace shekara kuwa ba ta bayarwa sai an ba ta taki, shi kuma taki sai da kuɗi.

A wata Lahadi, ranar kasuwar Dambatta, na ga ɗan gwangwan yana ɗora tsofaffin langa da fanteka a kan sikeli, yana biya da nauyin ƙarfe. Kayan jeren iyayenmu ne, waɗanda suka kori ƙwarya daga ɗakin amarya kafin tangaran da roba su kore su. Na san a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, irin waɗannan kaya suna da masu nema. Sai na buɗe shafi a Instagram, na shiga bin gidajen dangi ina karɓar abin da aka jingine: akushi, dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, da anini mai huda a tsakiya, kuɗin da aka daina kashewa tun kafin zuwan naira a 1973.

Hotunana na farko abin kunya ne. Da tsakar rana nake ɗauka, ina zaton yawan haske shi ne kyan hoto. Fentin langa ya riƙa mayar da rana cikin idon waya har furannin jikinsa su ɓace, baƙin akushi kuma ya fito kamar rami. Sai da na ɓata makonni kafin na gane cewa bakin zaure da hantsi ya fi ko'ina, domin haske yana shigowa ta gefe guda, a tausashe, yana fito da sawun gizagon masassaƙi. Na shimfiɗa farin yadi, na jingina farin kwali ta ɓangaren inuwa don ya maido da haske, na kafa wayar a kan turmi saboda rawar hannu. Hazon hunturu, da kowa ke ƙorafi a kansa, ni ya zame mini gata, don yana tace rana. Na kuma koyi ajiye kwalin ashana kusa da kaya, mai saye ya san girmansu.

Da hannu ya fara faɗawa, sai na koyi abin da ya fi wannan sauƙi: ɓoye aibi. Wani akushi mai tsaga na shafe shi da man gyaɗa, na juya tsagar baya. Wata mata a Abuja ta saya, bayan kwana huɗu ta maido da shi, da saƙo mai layi ɗaya: ba wannan ta gani a hoto ba. Na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na kwana ina jin nauyin kaina.

Kakata tana kaɗi a gindin darbejiya lokacin da na ba ta labari. Ta yi dariya, ta ce, "Kai maigidan, ashe boko bai koya maka kallo ba." Ta shiga ɗaki ta fito da nata akushin, wanda aka kawo ta da shi gidan kakana. A gefensa akwai doguwar tsaga da aka ɗinke da kyau. Ta ce a shekarar farin 1973 ya faɗi ya tsage, babu halin sayen wani, sai kakana ya ba gyartai ɗan abin da ya rage na dawa ya ɗinke shi. A cikinsa aka ci tuwon wannan shekarar, ranakun da aka samu.

Washegari na ɗauke shi hoto shida. Na farko ɗinkin ne, kusa-kusa, har ana iya ƙirga hudar basilla. Na rubuta abin da ta faɗa a ƙasa, ban ƙara ba, ban kuma sa farashi ba, domin ban yi niyyar sayarwa ba. Kafin la'asar wani mai tara kayan tarihi ya taya shi da kuɗin da zai sayi buhun taki biyu.

Na ɓoye mata kwana uku. Damina ta kusa, mahaifina kuma ya fara zancen jinginar da rabin gonar. Da na faɗa mata, ta daɗe tana murza zare a mazari, sannan ta ce, "Ya taɓa ciyar da gidan nan, bari ya sake." Na so in yi gardama, amma ban da wata hanyar da zan nuna mata.

Ni na naɗe shi da tsohon zane, na kai shi tasha. Geron bana ya yi kyau. Wani lokaci bayan sallar isha'i takan kira ni ta ce in kawo wayar, in buɗe mata hoton, in ja shi da yatsa biyu har ɗinkin ya cika fuskar wayar.