Abin da motar kifi ta koya mini game da silo

Sana'ata ɗaukar kifi daga bakin tafkin Lagdo zuwa Garwa. Tun da 'yan Sin suka kammala madatsar nan a kan kogin Binuwai a 1982, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa suke ciyar da gidaje irin namu, kuma ɗanyen kifi ba ya jiran kowa. Motata tsohuwar Toyota Carina E ce. A bazarar da ta wuce ta ɗauko wani hali: tana gudu lafiya lau, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi kakari ta mutu. Silo ya ƙi zama, ko ralanti, kamar yadda makanikan Garwa suke cewa.

1. Ka san inda take mutuwa kafin ka nemi dalili. Duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce, "Mutuwa take yi." Da na lura da kyau, da na ga ba ta taɓa mutuwa a miƙaƙƙen titi ba. Sai a mahaɗar Ngong, ko a shingen jandarma, ko a cunkoson gadar Garwa. Wannan kaɗai rabin bincike ne. Idan famfon mai ya gaji ko filta ta toshe, mota ta fi nuna shi wajen hawa tudu da kaya, lokacin da inji ke neman mai da yawa. A tsaye kuwa inji yana juyi 700 zuwa 800 ne kawai a minti, ƙofar totur a rufe take, iskar da yake rayuwa da ita 'yar kaɗan ce. Abu kaɗan ya taɓa wannan iska, ya isa ya kashe shi.

2. Mai laifin da kowa ya sani ba kullum shi ne ɓarawo ba. A arewacin Kamaru, mota ko atishawa ta yi, zuwa-zuwa za a zarga. Akwai dalili. Wannan fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya yakan zo da ƙasa ko ruwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayu na 2023 kuɗinsa ya tashi, zargin algus ya ƙaru. Na sa aka sauke tanki aka wanke, na sake filtar mai, na ƙara da sababbin fulogi don zuciyata ta kwanta. Aljihu ya yi sauƙi, mota tana nan yadda take. Daga baya ne wani direba ya nuna mini gwajin da ba ya cin ko dala: ka ɗebi man a kwalba mai haske ka ajiye, in da ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da idonka.

3. Ɗaure totur ɓoye ciwo ne. Wani yaron gareji ya ja mini wayar totur har silo ya hau sama, ya ce an gama. Ta daina mutuwa, gaskiya, ni ma har na yi masa kyauta. Sai dai tana tsaye tana ruri, giya tana ƙara in zan sa, mai yana tafiya. Na san ba gyara ba ne. Na yarda ne don kifi yana bayan mota kuma rana ta take.

4. Kunne ya riga sifana. Wanda ya warware matsalar wani dattijon bakanike ne a Garwa. Ya mayar da wayar totur inda take, ya ce in tayar, ya sunkuya cikin bonet bai taɓa komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Alhaji, zo ka ji." Na kasa kunne, sai ga wani siririn tsaki a bayan inji. Ya fesa man wanke kafireta a wurin, nan take muryar injin ta canja. Wata 'yar tiyon roba ce, ba ta fi ɗan yatsa kauri ba, ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Zafin Garwa, da kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga na inji a kai, ya busar da ita.

Na ce, "Baba, wannan 'yar tsagar ce ta hana ni barci?" Ya yi mini bayani. Inji yana son kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. A guje, iskar da ke satar hanya ta tsagar ba ta kai ta kawo ba. A tsaye kuwa zuƙar inji ta fi ƙarfi, ɓarauniyar iskar ta rinjayi wadda aka ƙayyade, lissafi ya rikice. Bai tsaya nan ba. Ya kwance maƙogwaron iska da ɗan bawul ɗin da ke daidaita silo, ga su baƙi ƙirin, ƙurar hunturu ta haɗu da tururin baƙin mai ta zama danƙo, bawul ya kasa motsi. Filtar iska kuwa, wadda ita kaɗai ban sake ba saboda rowa, ta huje a gefe. Ciwo biyu ne suka haɗu, shi ya sa duk mai neman guda ɗaya ya sha ƙasa.

5. Kada ka bar gareji sai ka ɗora mata nauyi. Ina jin silo ya kwanta na kai hannu aljihu. Ya ce in dakata inji ya yi zafi. Sannan ya sa na kunna fitilu da fanka, na taka burki na saki, na murza sitiyari har ƙarshe. Kowanne yana jan ƙarfin inji, kuma aikin bawul ɗin ne ya ƙara iska ya cike giɓin. Allurar juyin inji ta ɗan sunkuya, ta koma mazauninta. Kuɗin tiyo da filta da aikinsa gaba ɗaya bai kai abin da na kashe a fulogi kaɗai ba. Da zan tafi ya ce duk ƙarshen hunturu in kawo ta a wanke maƙogwaron, in kuma daina barin yara suna busa filta da famfon taya.