Ɗan ramin da ke cikin ido

Wani manomin albasa ne a fadamar Tarka, cikin ƙasar Madawa. Shekarunsa sun kai hamsin. Shina da garka, shina da shanun noma biyu. Ya shiga makarantar yaƙi da jahilci don abu guda: ya gaji da dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke cikinta ba. In dillali ya rubuta yawan buhunnan albasa, shina so shi karanta da kansa.

Da anka fara karatu sai ga damuwa. Malami ya rubuta "gona" bisa allo, kowa ya gani. Shi kuwa in ya kafa ido bisa baƙi guda, sai baƙin ya dushe, kamar an barbaɗa masa toka. Na dama da na hagu suna nan. Ya yi shiru da bakinsa, shina zaton kansa ne ba ya ɗaukar karatu. Har ya yi niyyar bari.

Malamin ya lura kullum shina karkata kai. Ya ce masa: "Baba, kanka lahiya lau. Ka tahi Tawa a duba maka ido."

Lokotoron ido ya ɗiga masa magani, ya haska da hitila, ya daɗe shina dubawa. Sannan ya tambaye shi ko ya taɓa kafa ma rana ido. Nan take ya tuna. Ranar Laraba ce, 29 ga Maris 2006, da hantsi, anka yi husufin rana. A wasu wurare na Nijar da Najeriya rana ta rufe duka. A Madawa kuwa ɗan gefenta ya rage, kamar jinjirin wata. Yara suna kiɗan gwangwani, dattawa sun nufi masallaci. Shi shina garka. Ya ɗaga kai ya daɗe shina kallo, don bai ji zahi ba. Da marece ya ga wani ɗigo tsakiyar duk abin da ya duba. Bayan ƴan watanni ɗigon ya ragu, amma bai tahi ba. Noma bai tona shi ba, sai karatu.

Lokotoro ya yi masa bayani. Can ƙarshen ido daga ciki akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske. Tsakiyarta akwai ɗan rami. Da Ingilishi da Faransanci sunansa guda, fobeya. Kalmar daga harshen Latin ta hito, ma'anarta rami. Faɗinsa milimita 1 da rabi, bai kai ƙwayar gero ba. Amma da shi mutum ke zura zare cikin allura, da shi ke cire ƙaya, da shi ke gane huskar ɗan uwa daga nesa, da shi ke karatu. Sauran ido na ganin abin da ke gefe da abin da ke motsi. Duk abin da mutum ya kafa ma ido, haskensa cikin ramin nan ke taruwa. Don haka in rana ce, nan take yin ɓarna. Wurin kuma ba ya jin ciwo, balle shi gargaɗi mai shi.

Mai karatu, gwada da kanka. Kafa ido bisa kalma guda cikin jaridar nan. Kada ka motsa shi. Ka iya karanta kalmar da ke layi uku ƙasa? Ba ka iyawa. Miƙa hannunka ka dubi farcen babban yatsa. Kusan iyakar abin da ka ke gani tangaran ke nan a lokaci guda.

Makiyayi ma ya san wani abu nan. Da dare, tauraro maras haske ya fi hitowa in an dubi gefensa, don ramin nan ba ya aiki sosai cikin duhu. Saniya da akuya ba su da shi, su ganin faɗi Allah ya ba su. Shaho kuwa biyu gare shi a kowane ido, shi ya sa ɗan tsako ba ya ɓace masa.

Manomin ya tambaya ko za a yi masa aiki, yadda anka yi ma yayansa ya samu gani. Lokotoro ya ce na yayansa yanar ido ce, ita ana cire ta. Wannan tabo ne, ba a cire shi. Amma saura na da kyau, sai a koya masa aiki.

Ya komo gida bai bar makaranta ba. Ya koma layin gaba. Malami na yi masa manyan baƙaƙe. Ya samu gilashi mai ƙara girman rubutu. Ya koyi duban gefen baƙi kaɗan, yadda makiyayi ke duban tauraro. Abokansa sun riga shi, amma ya iso. Da anka kwashe albasa, shi ya karanta yawan buhunnansa gaban dillali.

Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai wani husufi. A Masar rana za ta rufe duka, a Nijar wani sashe. Tuni ya tara jikokinsa ya gaya musu: kada su duba da ido, ko da baƙin tabarau, ko da kwalbar da anka turara da hayaƙi, ko cikin ruwan ƙwarya. Mai son gani shi tahi gindin dogon yaro shi dubi ƙasa. Hasken da ke ratsa ganye zai zana masa surar rana bisa rairayi.

Ƴan uwa na Madawa, da Buza, da Keita, wanda duk ya ga baƙi na ɓace masa, kada shi ce kansa ne. Shi tahi likita tun da wuri. Ciwon suga da tsufa su ma suna taɓa wurin nan, kuma wani in an kama shi da wuri ana tsai da shi. Ido ba shi da kasuwa.