Amfilifayarka Ta Yi Shiru? Kada Ka Yi Saurin Jefar Da Ita

Ɗan uwa, in amfilifayarka ta daina magana, ba lallai ta mutu ba. A cikin waɗanda ake kawo mini gyara, da yawa matsalarsu ba ta wuce waya ko fiyus ba.

Fara da abu mai sauƙi. In ɓangare ɗaya ne ya yi shiru, sauya sifikun, ta hagu ta koma dama. In shirun ya bi sifikar, laifinta ne ko na wayarta. In kuwa ya tsaya inda yake, matsalar na cikin amfilifayar ko wayar da ke kawo mata sauti.

In ba ta kamawa sam, duba fiyus. Ka sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. In ya sake ƙonewa nan take, tsaya haka nan. Galibi taransistocin da ke tura sauti ne suka haɗe, ko diyod ɗin da ke juya wuta. Don Allah kada ka ɗaure wurin da waya ko takardar sigari. Na sha ganin taransfoma ta ƙone saboda wannan dabarar, gyaran kuɗi kaɗan ya koma babba.

Kana da mita? Cire sifikun, rage murya gaba ɗaya, ka auna DC a inda ake jona su. Ya kamata ka ga kusan sifili, ƙasa da milivolt 100. In ka ga volt 20 ko 30, wallahi kada ka jona sifika, za ta ƙone.

Gurnani mai "huuum" kuma sau da yawa manyan kapasitoci ne suka gaji, wani lokaci har kansu ya kumbura. Ƙarar "ƙarrr" in ka murɗa murya, ƙura ce, musamman lokacin hunturu. Feshin wanke kayan lantarki kan magance ta.

Ka kuma lura da lodi. Sifika biyu masu om 8 a mazauni ɗaya sun zama om 4, huɗu sun zama om 2. Yawancin amfilifayar gida ba sa jure hakan.

Gargaɗi: kapasita na riƙe wuta ko bayan ka zare fulogi. In ba ka iya sauke ta ba, bar murfin a rufe, kai wa mai gyara. Ranka ya fi kowace amfilifaya tsada.

Wace alama taka ke nunawa? Faɗa mana a ƙasa.